Shekarar da Ba Ta da Wata: Yadda Elfawan Tolkien Suke Ƙirga Lokaci

A watan Oktoba na shekarar 1955 kashi na uku na littafin The Lord of the Rings ya fito a Ingila, bayan jinkirin da ya sa masu karatu suka ƙagu. Labarin kansa an daɗe da gama shi. Abin da ya riƙe aikin shi ne ratayen da marubucin ya nace sai ya haɗa a ƙarshe: jerin sarakuna, salsalar gidaje, bayanin haruffa, da wasu 'yan shafuka a rataye na huɗu waɗanda ba su ƙunshi komai ba sai kalanda. J. R. R. Tolkien, shehin malamin tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892 ya rasu a 1973, ya zauna ya tsara yadda kowace al'umma ta ƙagaggiyar duniyarsa take ƙirga kwanakinta. Yawancin masu karatu tsallake shafukan nan suke yi, kuma a ganina asara suke tafkawa. A cikinsu, musamman a kalandar Elfawa, Tolkien ya faɗi da alƙaluma abin da ya kwashe shafi dubu yana faɗa da labari: wanda tsufa ba ya kashewa ya fi kowa ɗaukar nauyin lokaci, domin shi ne yake tsaye yana kallo komai yana wucewa ya bar shi.

Da farko sai a san su wa ake magana a kansu, don kalmar aljanu da wasu ke saurin laƙaba musu tana ɓatar da mai karatu. Elfawan Tolkien halittu ne masu jiki, suna ci suna sha, suna aure suna haihuwa, suna gina birane suna ƙera makamai, ana iya kashe su a fagen fama, baƙin ciki ma yana iya ɗauke su. Cuta da tsufa ne ba sa kai su kabari, kuma rayuwarsu a ɗaure take da rayuwar duniya har ranar da za ta ƙare. Mutum a cikin labarin mutuwa yake yi ya fice daga duniyar baki ɗaya, kuma Elfawa suna kiran wannan ficewar kyauta ce daga Mahalicci. Tolkien ya sha faɗa a wasiƙunsa cewa ainihin jigon littafinsa mutuwa ce da kwaɗayin dawwama. In haka ne, yadda marasa tsufa suke auna lokaci yana tsakiyar maganar.

Babban ma'auninsu shi ne yén, a harshensu na Quenya, wanda sau da yawa ake fassarawa da shekara alhali tsawonsa shekara 144 ne na rana. A cikinsa akwai kwana 52,596. Elfawa sun fi son ƙidaya da shida-shida da sha biyu-sha biyu, kuma 144 sha biyu ne sau sha biyu. A wata tatsuniyar asali da Tolkien ya rubuta, wadda ɗansa Christopher ya buga a 1994 cikin The War of the Jewels, Elfawan farko da suka farka a bakin ruwan Cuiviénen su 144 ne cif, saboda haka lambar tana ɗauke da tarihin ƙabila kafin ta zama ma'aunin zamani. Akwai wani abu kuma da lissafi yake fitarwa ga wanda ya yi haƙurin bugawa. Makonsu kwana shida ne, sunansa enquië, kuma yén ɗaya yana da irin wannan mako 8,766. Shekararmu mai kwana 365 da rubu'i ita ma awa 8,766 ce daidai. Wato matsayin mako guda a cikin yén shi ne matsayin awa guda a cikin shekarar ɗan Adam. Bahaushe kan ce shekara kwana ce don ya rarrashi mai jira. A wurin Elfawa maganar ta kusa zama lissafin gaske. Elrond, maigidan mazaunin Elfawa na Rivendell, ya haura shekara 6,500 lokacin da ya bar Tsakar Duniya, ƙasar da labarin ya gudana a cikinta, amma da ma'aunin gidansu yén 45 ne da 'yan kai. Zamani na Uku, wanda labarin ya faru a ƙarshensa, gaba ɗayansa, shekara 3,021 na tashi da faɗuwar masarautu, bai cika yén 21 ba.

Da a nan kalandar ta tsaya, da sai a ce abin da ta nuna kawai shi ne Elfawa suna da dogon numfashi. Amma suna da ma'auni na biyu, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankali. Shekarar rana suna da ita, da suna biyu. In ana maganar falaki sai su ce coranar, zagayen rana. Sunan da suka fi amfani da shi kuwa shi ne loa, ma'anarsa girma ko tsiro, domin abin da suke dubawa a shekara shi ne halin da itatuwa da ciyayi suke ciki. A lissafin Rivendell, wanda shi kaɗai ne littafin ya kawo dalla-dalla, loa ta kasu gida shida. Tuilë, lokacin toho da fure, kwana 54. Lairë, lokacin ɗumi da cikar ganye, kwana 72. Yávië, kakarsu, lokacin nunar 'ya'yan itace, kwana 54. Quellë, lokacin dusashewa, kwana 54. Hrívë, hunturu, kwana 72. Sai coirë, lokacin motsawa, kwana 54. Jimla 360, kowane yanki kuma yana rabuwa da shida ba saura: mako tara ko mako sha biyu. Kwana biyar da suka rage an ware su ba sa cikin kowane yanayi: yestarë, ranar buɗe shekara, wadda take faɗowa wajen ƙarshen watan Maris a kalandarmu, mettarë, ranar rufe ta, da kwana uku na tsakiya, enderi, tsakanin kaka da dusashewa.

Turawa yanayi huɗu suka sani. Biyun da Elfawa suka ƙara su ne shaidar da nake kafa hujja da ita. Quellë da coirë duk lokuta ne na tsakani, waɗanda mai gaggawa ba ya tsayawa ya raɗa musu suna. Ɗaya shi ne sa'ad da an gama girbi, sanyi bai kankama ba, ganye yana canza launi yana kaɗewa; har wani suna na biyu suka ba shi, lasse-lanta, faɗuwar ganye, a ɗaya harshen nasu, Sindarin, kuma narbeleth, raunin rana. Ɗayan shi ne sa'ad da sanyi ya fara sassautawa, ruwan itace ya fara hawa, amma ido bai ga fure ba tukuna. Manomin da ya san yadda wasu itatuwa suke fitar da toho a tsakiyar bazara tun hadari bai haɗu ba zai gane irin lokacin da ake nufi. Al'ummar da ta keɓe kwana 54 a kowace shekara don kallon yadda abu yake mutuwa, ta kuma sa ranakun tsakiyar shekararta daidai a ƙofar wannan lokacin, al'umma ce da mutuwa ta dama ƙwarai ko da ba ita take mutuwar ba. Yén nasu ne, da shi suke auna tunaninsu da tarihinsu. Loa kuwa ta abubuwan da suke ƙauna ce, waɗanda ba sa daɗewa. A kowane yén ɗaya sai Ba'elfe ya yi jana'izar ganye sau 144.

Abin da babu a kalandar shi ma magana ne. Babu wata. Ga mai karatun da ya tashi yana duban jinjirin wata don azumi da salla, shekarar da ba ta da watanni abin mamaki ce, amma dalilin yana cikin tarihin da The Silmarillion, wanda ya fito a 1977, ya bayar. Elfawa sun girmi rana da wata. A ƙarƙashin taurari suka farka, kuma waɗanda suka yi hijira zuwa Valinor a yamma sun rayu da hasken itatuwa biyu, Telperion mai hasken azurfa da Laurelin mai hasken zinariya, waɗanda suke haskawa bi da bi. Sai da wasu miyagun halittu biyu, Melkor da Ungoliant, suka kashe itatuwan sannan aka yi wata daga furen ƙarshe na Telperion, aka yi rana daga ɗan itacen ƙarshe na Laurelin. Fitowar rana ta farko ita ce farkawar 'yan Adam, ita ce kuma farkon ja da bayan Elfawa. Saboda haka rana da wata a wurinsu ragowar wani haske ne da aka yi hasara. Sunayen kwanakin makonsu suna riƙe da wannan tarihin: Elenya ta taurari ita ce ta farko, sai Anarya ta rana, Isilya ta wata, Aldúya ta itatuwan biyu, Menelya ta sammai, sai Valanya ta Valar, manyan halittun da aka ɗora wa kula da duniya, wadda ita ce babbar ranar mako. Makon ma na al'ada ne da girmamawa, yana tafiya a jere ba ya kula da inda shekara ta fara ko ta ƙare. Kwanansu, ré, daga faɗuwar rana yake farawa zuwa wata faɗuwar, tsarin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san daren Juma'a tun magaribar Alhamis yake shiga. Dalilinsu dai nasu ne: almuru shi ne lokacin da taurari suke buɗe ido. Suna da suna na musamman ga duhu-duhun yamma, undómë, da na asuba, tindómë, kuma daga na farkon aka samo laƙabin Arwen 'yar Elrond, wato Undómiel, tauraruwar maraice.

Kwatanta wannan da abin da mutane suka yi da kalandar bayan sun gaje ta yana ƙara fito da hujjar. Mutanen tsibirin Númenor sun karɓi tsarin Elfawa suka gyara shi daidai da gajeren kwanansu. Suka yanka shekara zuwa wata goma sha biyu masu kusan tsawo ɗaya, suka mayar da farkonta tsakiyar hunturu, suka fara ƙirga kwana daga fitowar rana, suka ƙara rana ta bakwai a mako, Eärenya, ta teku, da yake su matuƙan jirgin ruwa ne. Ranar itatuwa biyu kuma suka mayar da ita ta itace ɗaya, farin itacen da irinsa yake tsaye a fadar sarkinsu. Hobitawa, gajerun mutanen da jaruman labarin suka fito daga cikinsu, suka zo daga baya suka ƙara sauƙaƙawa, har suka cire ranar tsakiyar shekara daga jerin kwanakin mako don kowace ranar wata ta riƙa faɗowa a rana guda ta mako kowace shekara. Ma'auni ɗaya ne ya ratsa hannu uku, kowane hannu ya bar shaidar abin da ya dame shi.

Ƙorafi na farko da mai lissafi zai kawo shi ne kalandar ba ta kai tamu daidaito ba, kuma gaskiya ne. Shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da daƙiƙa 46, adadin da Tolkien kansa ya yi aiki da shi. Mu muna cike giɓin da ƙarin kwana ɗaya a Fabrairu kusan duk shekara huɗu. Elfawa kuwa sai shekara ta goma sha biyu suke ninka enderi, kwana uku su zama shida. Sannan a shekarar ƙarshe ta kowane yén na uku, wato sau ɗaya a shekara 432, sai su fasa ninkawar. In aka buga, matsakaiciyar shekararsu ta fi ta gaskiya tsawo da kimanin daƙiƙa 74, abin da zai tara kwana guda cikin shekara dubu da ɗari da 'yan kai. Kalandar da Fafaroma Gregory na 13 ya kafa a 1582, wadda Ingila ba ta karɓa ba sai 1752, kuskurenta kimanin daƙiƙa 26 ne, kwana guda a shekara dubu uku da wani abu. To me ya sa halittu masu hikima haka za su gaza? Amsar tana cikin yanayin gyaran. Tolkien ya san tsarin shekara huɗu sarai, shi ya ba mutanen Númenor. Da gangan ya bar Elfawa su ƙyale kalandarsu ta goce da kusan kwana uku kafin su taɓa ta, domin shekara goma sha biyu a wurinsu kashi ɗaya ne cikin sha biyu na yén, kamar wata guda a shekararmu. Gyaran shekara 432 kuwa, a wurin mutane wasiyya ce da kakanni za su bar wa jikokin jikoki, su yi fatan ba a manta ba. A Rivendell wanda ya yi gyaran da ya wuce shi ne zai yi mai zuwa. Littafin ma ya nuna cewa abin da Hobitawa suka rubuta game da wannan lissafin bai cika ba, don haka ba a rufe ƙofar wasu gyare-gyaren da masu gajeren kwana ba su rayu sun gani ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: wanda ba zai mutu ba, me zai yi da ƙidayar kwana? Mu muna ƙirgawa ne don kwanakinmu ƙidayayyu ne. Labarin kansa ya amsa wannan a Lothlórien, wata ƙasar Elfawa. Ayarin masu rakiyar Zoben da labarin ya ginu a kansa sun isa birnin Galadriel, Ba'elfiyar da ke mulkin ƙasar, a tsakiyar Janairun shekarar 3019 ta Zamani na Uku, suka tashi ranar 16 ga Fabrairu. Suna cikin kwalekwale a kogin Anduin sai Sam, ɗaya daga Hobitawan ayarin, ya ga jinjirin wata, lissafi ya rikice masa, domin a zuciyarsa 'yan kwanaki kawai suka yi, ga shi wata guda ya shuɗe. Bayanin da Legolas, Ba'elfen ayarin, ya ba shi shi ne cewa lokaci ba ya tsayawa ko'ina, amma a wurin Elfawa duniya tana gudu tana kuma jan ƙafa a lokaci guda: tana gudu don su ba sa canzawa sosai alhali komai yana wuce su, abin da yake ba su baƙin ciki, tana jan ƙafa don ba su da bukatar ƙirga shekaru saboda kansu. Wannan shi ne yén da loa a bakin mai magana. Kuma Lothlórien, inda baƙo yake manta kwanan wata, ƙarfin zoben Nenya da ke hannun Galadriel ne yake riƙe da ita. A wasiƙar da ya rubuta wa Milton Waldman a 1951, Tolkien ya bayyana cewa babban aikin irin waɗannan zobban shi ne hana lalacewa ko rage mata gudu, kuma a wata wasiƙar ya kamanta Elfawa da masu shafa wa gawa magani don kada ta ruɓe. Bai ɗauki wannan a matsayin abin yabo ba. Kwaɗayin tsayar da lokaci shi ne ƙofar da Sauron, babban maƙiyin labarin, ya bi ya yaudari Elfawan Eregion da suka ƙera zobban. Idan aka duba ta wannan fuskar, loa ita ce lafiyayyen ɓangaren al'adarsu, inda suke amincewa ganye ya faɗi su kuma kira faɗuwar da sunanta. Zoben shi ne inda suka ƙi amincewa.

Akwai kuma masu cewa Tolkien bai tsaya a magana ɗaya ba, don haka gina hujja a kan alƙalumansa gini ne a kan yashi. A rubuce-rubucen da aka buga cikin Morgoth's Ring a 1993, shekarar Valinor ta zamanin itatuwa kwana dubu ce, kowane kwana awa goma sha biyu, kowace awa kuma daidai da awa bakwai namu, abin da ya ba da shekara 9.582 na rana. Daga baya ya so ya mayar da ita 144 don ta dace da yén, kuma littafin The Nature of Middle-earth da Carl Hostetter ya tattara a 2021 cike yake da shafukan da dattijon ya yi ta buga lissafin saurin girman Elfawa da yawan zuriyarsu, yana gwada wannan yana watsar da wancan, bai kai ga matsaya ba har ya rasu. Saɓanin gaskiya ne, amma a duba inda yake. Yana cikin takardun da bai buga da ransa ba, kuma ya shafi zamanin da babu rana. Kalandar Rivendell da ya sa wa hannu a 1955 lissafinta a rufe yake: 365 sau 144, a ƙara 36 na ninkin enderi, a sami 52,596. Abin da ya hana shi barci a ƙarshen rayuwarsa kuma shi ne tambayar da nake cewa ita ce zuciyar kalandar, wato yaya tsawon rai yake canza ɗanɗanon lokaci. Mutum ba ya kwashe shekaru yana kokawa da abin da ya ɗauka ƙawa ce kawai.

Zargin da na fi yarda da rabinsa shi ne cewa wannan shekara ta arewacin Turai ce. Dogon hunturu, kaɗewar ganye, narkewar sanyi, duk yanayin ƙasar da Tolkien ya girma ne, kuma Ba'elfen da zai zauna inda shekara take rabe tsakanin damina da rani dole ya sake rabon. Littafin bai musa ba, ya ce wannan lissafin Rivendell ne kuma babu shakka ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Hakan ma ya dace da ma'anar loa, tunda ma'aunin da aka ɗora a kan tsiro dole ya bi ƙasar da tsiron yake. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne cewa duk wannan wahalar banza ce a kan duniyar da babu ita. Tolkien ya ɗauki tsarin fitowar wata na shekarun 1941 da 1942 ya ɗora tafiyar jarumansa a kai, don kada Frodo a gabas ya ga cikakken wata a daren da Pippin a yamma yake ganin jinjiri, kuma a 1944 ya rubuta wa ɗansa yana kukan yadda wata ya rikita masa babi. Mai karatu ba ya lura da wannan aikin, amma shi ne yake sa ƙasar ta yi ƙarfi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ruɗewar Sam a kan kogi ba za ta taɓa zuciya ba in da marubucin bai san ainihin kwana nawa suka wuce ba.

Inda ma'aunan biyu suka yi karo da juna shi ne labarin Aragorn, ɗan Adam, da Arwen, Ba'elfiya. An haifi Arwen a shekarar 241 ta Zamani na Uku, Aragorn a 2931. Ranar da suka fara haɗuwa a dajin Rivendell a 2951, yana da shekara ashirin, ita tana da 2,710, wato ba ta cika yén goma sha tara ba. Kowannensu matashi ne da ma'aunin gidansu. Aragorn ya rayu shekara 210, tsawon rai na ban mamaki a wurin mutane, amma bai kai yén ɗaya da rabi ba, kuma zaman aurensu na shekara 122 ko yén guda bai cika ba. Arwen ta zaɓi rabon mutane saboda shi, ta bar ƙidayar mahaifinta ta shiga ta mijinta. Bayan rasuwarsa ta yi sallama da 'ya'yanta ta koma Lothlórien, ta tarar Galadriel ta tafi, ƙarfin zoben ya ƙare, ƙasar ta yi tsit, yanayi yana shiga yana fita kamar ko'ina. Ta yi hunturu ita kaɗai a ƙarƙashin itatuwan. Ta kwanta a kan tudun Cerin Amroth, inda suka yi alkawari tun farko, a lokacin da ganyen itacen mallorn yake zuba amma fure bai fito ba, kwanakin da kalandar Rivendell take kira coirë, dab da mettarë.